Idan Takalmi Ya Narke a Jikin Salansa

'Yan uwa masu babur, ga abin da ya yi mini aiki. Jiya na ɗauko ƙanena daga Kofar Ruwa, silifas ɗinsa ya narke a salansa, baƙi ƙirin.

Don Allah kada ku kankare da wuƙa ko reza, tabon da za ta bari ya fi robar muni. Ku tayar da inji minti 2 ko 3 har robar ta yi laushi, ku kashe, sai ku ture ta da ɗan katako mai faɗi, a hankali. Idan salansar ta huce sarai, ku goge ragowar da tsumman auduga da kananzir.

Fetur kuwa, kada ya kusanci salansa mai zafi ko kaɗan.