Yadda za ki binciki ciwon damuwa a unguwar da kike aiki

Ni malamar jinya ce kuma ungozoma a wani ƙaramin asibiti a wajen Kano, kuma masu jego ne suka jefa ni harkar bincike. Mace ta zo goye da jaririn wata biyu, ta ce kanta na sarawa, jikinta ya mutu, barci ya ƙi. A gwada jini babu maleriya, a ba ta maganin ciwon kai, mako na zagayowa sai ga ta. Idan haka kike gani a wurinki, ga hanyar da na bi.

Ki riƙe tambaya ɗaya tak. Tawa ita ce: cikin masu jego su wa damuwa ke ci, kuma su wa ke iya isowa gare mu? A rabi na biyun nan bambancin yake. Wadda maigida bai bari ta fita, da ta rugar da ke hayin rafi, da wadda rikici ya koro daga garinsu, ba za ki same su a rajistar awo ba, sai kin bi su gida. Ki rubuta nisan gidan, da kuɗin babur, da wanda ke ba da izinin fita.

Takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha dole ce. Daga nan sai ƙofar dagaci da liman. Kada kalmar taɓin hankali ta fito daga bakinki a can. Ni cewa na yi, "Ranka ya daɗe, so muke mu ji yadda masu jego ke kwana da tashi."

Ma'aunin da na ɗauka shi ne EPDS, na gano alamun damuwa ga masu jego, tambayoyi 10 kan kwana 7 da suka wuce, wanda aka fitar a Edinbura a 1987. Ki sa wani ya mayar da shi Hausa, wani kuma da bai ga na asali ba ya sake mayar da shi Turanci, ku gwama. Duk da haka ki fara gwadawa da mata kaɗan. Ranar farko duk wadda na ce wa "Kina cikin damuwa?" sai ta sunkuyar da kai ta ce alhamdulillahi, uwar miji kuwa na gefen tabarma tana gyaran zogale. Wata tsohuwar ungozoma ce ta ja ni gefe: "'Yar nan, ki fara da ko tunani ya yi mata yawa, kuma ki shiga ɗaki da ita." Na bi shawararta. Mace ta uku da muka keɓe sai da ta jiƙa bakin mayafinta da hawaye kafin ta amsa.

Tambaya ta 10 kan tunanin cutar da kai ce, don haka kada ki fita sai kin san inda za ki tura mace a ranar. Mu asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau muke turawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Maki mai yawa ishara ce kawai, likita ko wanda ya samu horon mhGAP (shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Hukumar Lafiya ta Duniya) ne zai tabbatar.

Ki zauna da malaman ruƙiyya, don wurinsu ake fara kai mace idan an ce iska ce. Tun 1954 Dakta Lambo, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya haɗa hannu da masu maganin gargajiya a Aro ta Abekuta.

Lamba za ki sa a takarda maimakon suna, ki kulle su a durowa. Idan kin gama, ki koma ƙofar dagaci ki faɗi abin da kika gano kafin ki kai ofis. A ofis kuma ki nemi abu ɗaya da zai yiwu. Ni rana ɗaya na roƙa a mako, da ɗaki mai ƙofa, inda mai jego za ta yi magana babu mai ji.