Yadda ake haɗa farin kol na katako ba tare da ya tsinke ba

Farin kol ɗin da kafintocin Yamai ke saye a kasuwar Katako ƙananan ƙwayoyin roba ne da ke shawagi cikin ruwa. Abin da ke hana su dunƙulewa wani folima ne, wato dogon zaren sinadari, mai reshe: gangar jikinsa ta PVA (foli-alkol ɗin binil) ce mai son ruwa, rassansa kuma na foli-asetat ɗin binil ne, wato robar kol ɗin kanta, su ke nutsewa cikin ƙwaya su riƙe ta. A cikin tukunya ake samun wannan reshe, lokacin da farsulfat, sinadarin da ke tayar da aikin, ya fizge haidurojin daga jikin PVA, sabon zare ya tsiro a gurbin.

Don kilo 1 a ɗakin gwaje-gwaje, a tanadi tataccen ruwa giram 480, PVA giram 35, asetat ɗin binil (ruwan sinadarin da ke zama robar) giram 480, farsulfat na fotasiyom giram 1.5, da bikarbonat giram 1.2.

A nemi PVA mai lamba 88 cikin 100, wato yawan asetat da aka cire daga jikinsa. Mai 99 ba ya kama fuskar ƙwaya da kyau, kol ɗin yakan yi gudaji. A narka shi cikin ruwan a digiri 90 na Selsiyos har ruwan ya yi garau, a sauko zuwa 68, a busa iskar azot minti 20, domin oksijin na kashe farkon aikin. Sannan a zuba bikarbonat, kashi ɗaya cikin goma na asetat ɗin, da rabin farsulfat. Idan ruwan ya koma fari da ɗan shuɗi-shuɗi, ya kama. Sauran a ɗiga su sannu a hankali cikin awa 3 zuwa 4, ana juyawa ba tsayawa.

Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Asetat ɗin binil na tafasa wajen digiri 73, aikin da kansa yana fitar da zafi, kuma tururinsa na kama wuta. A watan Afrilu ruwan famfo da ake sanyaya bututun tururi da shi kan zo da ɗumi, ba zai sanyaya tururin ba, sai an sa ƙanƙara. Idan aka juye farsulfat gaba ɗaya, rassa su yi yawa, ƙwayoyi su sarƙe da juna, kol ya daskare kamar tuwo a jikin muciya. Idan aka manta bikarbonat, ruwan ya yi tsami, ya tashi da warin binegar.

Bayan ɗigon ƙarshe a kai digiri 85 na awa 1, a huce, a tace da ƙyalle mai laushi.