Yadda Otal Zai Gyara Sayayyarsa Don Kare Muhalli

Kaso mai yawa na ɓarnar da otal ke yi wa muhalli yana aukuwa ne tun kaya ba su iso ƙofarsa ba: a gona, a masaƙa, a masana'antar roba, da kan hanya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido na da hannu a kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, idan an haɗa da sufuri da kayan da ake saye dominsa. Don haka gyara na farawa ne daga ofishin sayayya.

Matakin farko, ka tattaro rasitai da takardun oda na shekara guda, ka ware su gida-gida: abinci, zannuwan gado da tawul, sabulai da magungunan shara, takarda, kayan wuta. Za ka tarar 'yan kayayyaki ƙalilan ne ke cinye mafi yawan kuɗi, masu kawo su ma ba su da yawa. Da su za ka fara. Wanda ya ce zai gyara komai a wata ɗaya, ƙarshenta ba abin da zai kammala.

Na biyu, ka shiga kicin, domin nan ne aikin ya fi yawa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na abincin da ake nomawa salwanta yake yi. Ka ajiye sikeli da bokitai uku: ɗaya na abin da ya lalace a sito, ɗaya na ɓawo da abin da aka datse wajen gyara, ɗaya na ragowar faranti. A riƙa aunawa kullum ana rubutawa. Bokitin farko in ya cika, odar ce ta yi yawa, ko kuma ba a fitar da tsohon kaya kafin sabo. In na uku ne, zubin ya wuce cikin baƙi, musamman a teburin ɗebi-da-kanka, inda rage girman faranti da dafa abinci kashi-kashi ke taimakawa sosai. Sai a rage oda daidai da abin da sikeli ya nuna.

Saye daga manoma na kusa abu ne mai kyau, kaya na zuwa da ɗanyensu, kuɗi kuma na zama a yankin. Sai dai a ganina ana zuzuta batun nisa fiye da kima. Irin abincin da yadda aka samar da shi sun fi tsawon tafiyarsa nauyi a lissafin hayaƙi. Naman shanu ya zarce kaji da wake nesa ba kusa ba, ko daga ina aka kawo shi. Abin da aka yi jigilarsa ta jirgin sama ne ya kamata a guje wa.

Na uku, marufi. Ka nemi mai kawo kaya ya zo da akwatunan da zai koma da su, ya karɓi jarkokin sabulun wanki ya sake cikawa. Ƙananan kwalaben shamfu na ɗakuna a maye su da manya da ake kafewa a bango. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana ƙananan a otal masu ɗakuna sama da 50 tun 2023. Cikin manyan, a zaɓi masu makulli, in ba haka ba baƙo ba zai yarda da tsabtarsu ba, kuma da gaskiyarsa.

Zanin gado kuwa, ka tambayi wanki nawa zai jure kafin ka tambayi farashi. Noman auduga na shan ruwa ƙwarai, kuma mai arhar da zai yage da wuri sau biyu za ka saye shi.

Na huɗu, kada ka yarda da koren ganye da aka zana a jikin kwali. Akwai alamomin hukumomi da ke shaida cewa an samar da kaya ta hanyar kula da muhalli: alamar FSC ta katako da takarda ce, MSC ta kifin teku. ISO 14001 tana shaida cewa kamfani na da tsarin kula da muhalli, ba ta ce kowane kayansa ya tsarkaka ba. Ka nemi lambar takardar shaidar, ka duba ta a shafin hukumar da ta bayar, ka ga ko wa'adinta bai ƙare ba.

Na biyar, duk abin da kuka yarda a kai ya shiga takardar kwangila: nau'in marufi, kwashe fanko, da ranakun kawo kaya, yadda mota ɗaya cike za ta maye gurbin uku masu rabin lodi. Ƙananan masu kawo kaya ba su da ƙarfin sauyawa dare ɗaya. Ka ba su wa'adi, ka tabbatar musu da ciniki na dogon lokaci, ka kuma biya su a kan kari.

Daga nan sai awo. Kowane wata ka raba nauyin shara da na abincin da aka zubar da adadin kwanan baƙi, domin jimilla kaɗai tana hawa da sauka ne da cikar otal. Waɗannan alƙaluma su masu tantancewa irin su Green Key, mai ba otal shaidar kare muhalli, za su nema ranar da ka je neman shaidarsu, don haka a adana su tun daga watan farko.