Darasi na 7: Tsatsar ganyen hatsi da dawa

Idan malka ta ja baya, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, raɓa takan kwana a kan ganye. Lokacin ne tsatsa ke shiga gona.

Ka shiga gonarka da safe, ka duba ganyen ƙasa tukuna, don daga nan take farawa ta hau sama. Za ka ga ƙananan ƙuraje ja-ja a gaba da bayan ganye. Shafa da yatsa ko da farin ƙyalle. In wani gari mai kalar tsatsar ƙarfe ya manne, ita ce. In ta tsufa, ƙurajen sukan koma baƙi, ganyen ya bushe tun lokacinsa bai yi ba.

Wannan garin shi ne irin cutar, iska ke kwasarsa daga gona zuwa gona. Saboda haka hodar da ake cuɗa iri da ita kafin shuka ba ta hana tsatsa. Tana maganin burtuntunar dawa, kada a daina sa ta, amma aikinta daban.

Abin lura shi ne yaushe tsatsar ta zo. In ta tarar ƙwaya ta riga ta yi ƙwari, asarar kaɗan ce, sai dai karmamin dabbobi ya lalace. In kuwa ta kama tun kafin zangarniya ta yi fure, ganye ya mutu, ƙwaya ta fito shafal. Damma ga su da yawa, a sussuka a ga ba auki. Mai shukar baya ne ya fi shan wannan wahala.

To, a yi shuka da ruwan farko mai kyau. A nemi iri mai saurin nuna kamar irin hatsin da ake kira HKP, a tambayi malamin gona ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maraɗi, irin da ya fi jure cutar. A rage cunkoso lokacin tsinke, don iska ta busar da ganye. Masu lambu a bakin Gulbi da Jiratawa su kula: tsatsar hatsi tana raɓewa a jikin yalo, kada a bar tsohon yalo dab da gonar hatsi. Feshi kuwa, ga ƙaramin manomi, sau da yawa kuɗinsa ya fi abin da zai ceto.

Aikin gida: kowa ya tsinko ganye 3 daga gonarsa, ya rubuta ranar da ya yi shuka da sunan irin, ya kawo aji ranar darasi na gaba.