Ba Kwamfuta Ce Ta Yi Maka Maguɗi Ba: Kurakuran Da Aka Fi Tafkawa A Civilization VI

Ƙorafin da na fi ji daga bakin masu buga Civilization VI, wasan kwamfuta da ake gina daula zagaye bayan zagaye ana gogayya da wasu dauloli, bai wuce ɗaya ba: wai kwamfuta tana maguɗi. Mutum zai kai zagaye na 150, ya buɗe taswira ya ga maƙwabcinsa da garuruwa goma sha biyu da sojoji masu bindiga, shi kuwa yana nan da garuruwa huɗu da 'yan baka, sai ya rufe wasan yana tsaki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Wasan yana da matakan wahala guda 8, kuma daga sama da mataki na huɗu, wato Prince, ana ƙara wa kwamfuta ƙarfin gini da na kimiyya da na yaƙi, har a matakin ƙarshe, wato Deity, takan fara da masu kafa gari uku kai kana da ɗaya. Amma a Prince kusan kunnen doki kuke. Idan a nan aka bar ka a baya, to ka nemi dalilin a zagaye ɗari na farko, domin can ake cin wasan nan, can kuma ake zubar da shi.

Tun da kamfanin Firaxis ya fito da shi a Oktoban 2016, an yi masa manyan ƙari biyu, Rise and Fall a 2018 da Gathering Storm a 2019. Abin da zan faɗa ya fi dacewa da mai buga shi da duka biyun.

Tsoron kafa garuruwa

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma tsofaffin hannu sun fi sababbi faɗawa cikinsa. Dalili kuwa, a Civilization V na 2010 mutum kan zauna da garuruwa huɗu, ya rene su su yi ƙiba, ya ci wasa hankali kwance, saboda kowane sabon gari yana rage farin cikin daula gaba ɗaya, yana kuma tsadar da ci gaba. Na shida ya juya lamarin. A nan kimiyya da kuɗi da al'ada daga unguwanni suke fitowa, wato waɗannan gine-ginen da ake kafawa a wajen gari kamar unguwar ilimi da ta kasuwa da ta ibada, kuma gari ɗaya ba ya ɗaukar unguwar ilimi biyu. Mai garuruwa goma yana da damar unguwannin ilimi goma, mai huɗu kuwa ko da garuruwansa sun kai girman duniya, huɗun ne dai.

Har yau 'yan wasa suna musu kan wannan. Wasu na cewa garuruwa da yawa suna gajiyar da mutum, kowane zagaye sai ka zaɓa wa goma sha biyar abin da za su gina, kuma ban ƙaryata su ba, ƙarshen wasan yakan zama aiki. Amma batun daɗi daban, batun nasara daban. In nasara kake so, ka yi ƙoƙari ka kai garuruwa takwas zuwa goma kafin zagaye na 100 a saurin wasa na yau da kullum.

Yadda za ka yi: da zarar ka buɗe tsarin mulkin da ke ba da katin manufa (wato dokar da kake zaɓa wa daularka) da ke ƙara kashi 50 cikin ɗari a saurin fitar da masu kafa gari, saka shi, ka fitar da uku ko huɗu a jere, sannan ka cire shi. Kowane mai kafa gari yana rage mutum ɗaya daga garin da ya fito, shi ya sa ake ajiye gwamna Magnus a garin, a ba shi ƙarin girman da ke hana wannan ragin. Kuma kada ka tsaya jiran fili mai kyau kamar aljanna. Tazarar gurbi uku (gurabe su ne ƙananan filayen da aka raba taswira da su) tsakanin gari da gari ita ce doka, ka matso da su kusa, domin filin da ka bari yau gobe tutar wani za ka gani a kai.

Sai dai a kula da ruwa. Garin da aka kafa a bakin kogi ko tafki yana farawa da matsuguni 5, na bakin teku 3, wanda ba ruwa kuwa 2 kacal, kuma da yawan jama'a ya kusa cike matsugunin sai girman gari ya ragu sosai. Na sha ganin mutum ya tsallake kogi da gurbi ɗaya saboda kwaɗayin wani dutse mai daraja, alhali da ya zauna a bakin kogin ma dutsen zai shigo hannunsa, tunda gari yana cin gurabe uku ta kowace fuska.

Akwai kuma biyayya. Gari ƙarami da ka dasa a gindin manyan garuruwan wani, nesa da naka, zai yi ta zubar da biyayya har ya ɓalle ya zama mai cin gashin kansa, daga nan ya koma hannun maƙwabcin. Kafin ka kafa, wasan yana nuna maka lamba mai alamar ragi a kan gurbin. Idan ta yi yawa, ko ka tura gwamna, wanda ke ƙara maki 8, ko ka haƙura.

Dasa unguwa duk inda hannu ya faɗa

Unguwar ilimi tana samun ƙarin kimiyya ɗaya daga kowane tsauni da ke jikinta. Ta kasuwa tana samun zinariya biyu idan tana bakin kogi. Bambancin unguwar da ke ba da sifili da wadda ke ba da uku ko huɗu ba ƙarami ba ne, tunda kowane zagaye ake karɓa har ƙarshen wasa, kuma akwai katunan da ke ninka wannan ƙarin. Da ka kafa gari, tsaya ka dubi ƙasar, ka sa alamar inda kowace unguwa za ta zauna tun kafin ka iya gina ta. In ba haka ba za ka wayi gari ka ga ka ɓata gurbin da ke tsakanin tsaunuka uku da abin da bai kai ya kawo ba.

Abu biyu da ba kowa ya sani ba. Na farko, farashin unguwa yana hawa yayin da kake ci gaba a kimiyya da tsarin mulki, amma da ka dasa harsashinta farashin ya tsaya a nan. Don haka ka dasa da wuri, ko da za ka koma gina wani abu ka dawo mata daga baya. Na biyu, yawan jama'a ne ke ƙayyade yawan unguwanni: ɗaya tun farko, ta biyu a mutum 4, ta uku a 7, haka nan bayan kowane uku. Ƙaramin gari guri biyu ko uku kawai zai samu, kada ka ɓata su.

Idan akwai daji a gurbin, sa magini ya sare shi tukuna ka ci ribar itacen, domin unguwar za ta share shi a banza. Batun saran daji ma wani fagen gardama ne, wasu na ganin ɓarna ce. Ni dai ina tare da masu sara. Ƙarfin gini arba'in a zagaye na 40 ya fi ɗari a zagaye na 200.

Raina mahara

Mai leƙen asirin mahara, wato 'yan farmakin da ba na kowace daula ba, idan ya hango garinka, alamar motsin rai takan fito a kansa, sai ya juya da gudu zuwa sansaninsu. In ya isa, ka shirya baƙi. Sabon ɗan wasa yakan bar shi ya tafi saboda yana sauri ya gina wani abin tarihi, bayan zagaye kaɗan mahaya dawaki sun cika masa gona, sun kama magininsa. Tare shi ka kashe, ko ka bi sawunsa ka rushe sansanin. Kuma kada ka taɓa tura mai kafa gari shi kaɗai ba rakiya. Ni kaina na yi wannan gangancin, na tura shi tazarar gurbi biyar kawai ina cewa ai kusa ne, aka ɗauke shi a gurbi na huɗu.

Kwamfuta ma tana duba ƙarfin sojanka. Maƙwabcin da ke yi maka murmushi zai far maka in ya ga gidanka ba kowa. 'Yan baka uku ko huɗu sun isa su sa ya sake tunani, ga kuma riba: kashe abokin gaba da majajjawa shi ke rage maka tsadar binciken harbin baka.

Wannan ragin, wanda wasan ke kira Yureka, yana sauke kashi 40 cikin ɗari na kuɗin bincike. Haɗuwa da wata daula yana sauƙaƙa rubutu, kafa gari a bakin teku yana sauƙaƙa tuƙin jirgi, kashe mahara uku yana sauƙaƙa aikin tagulla. Idan ka san sharaɗin zai cika nan kusa, dakatar da binciken ka koma wani.

Kwaɗayin abubuwan al'ajabi

Kowa na son ya ga Dalar Masar ko Stonehenge sun tashi a ƙasarsa. Amma guda ɗaya ake ginawa a duk duniyar wasan, kuma a manyan matakai kwamfuta takan riga ka waɗanda ke farkon zamani. Ƙarfin da ka zuba a ciki zai iya fitar maka da masu kafa gari biyu. Ka tambayi kanka me ginin zai yi maka. Dala tana da hujja, tana ba da magini kyauta tare da ƙarin aiki ɗaya ga maginanka. Da yawa daga cikin sauran ado ne.

Ƙananan abubuwa masu zubar da riba

Tara zinariya ba dalili: dubu biyu a baitulmali ba ta haihuwa, sayi magini ko gini ko ka sabunta makaman sojoji. Kayan alatu iri ɗaya guda biyu: na farko ne kawai ke faranta wa garuruwa huɗu rai, na biyun sayar wa maƙwabci. Barin katunan manufa yadda suke tun zamanin dutse, alhali duk lokacin da ka kammala wani tsarin mulki canji kyauta ne. Barin gurbin fatake ba kowa, bayan su ne ke shimfiɗa hanyoyi, kuma ayarin da ya tashi daga sabon gari zuwa babban birni yana kawo masa abinci da ƙarfin gini.

A yaƙi kuma, 'yan baka ba sa kama gari komai yawan kibiyoyinsu, sai mai takobi ko mahayi ya shiga. Gari mai ganuwa yana buƙatar kayan fasa ganuwa, kuma in ba ka kewaye shi ba zai riƙa warkewa kowane zagaye, ka yi ta ɗiban ruwa da kwando.

Buga wasa ba tare da sanin inda aka dosa ba

Hanyoyin nasara sun haɗa da kimiyya, al'ada, addini, diflomasiyya da mamaye manyan biranen kowa, in kuma an kai zagaye na 500, wato shekarar 2050, a ƙirga maki. Mai taɓa kowanne kaɗan-kaɗan ba ya kai ko ɗaya. Addini ma ba ya jira: a taswira mai daula takwas addinai biyar ne kawai za a kafa, in ka makara shi ke nan, unguwar ibadar da ka gina don haka ta rage daraja.

Shugaban da ka zaɓa yana gaya maka hanya. Ɗauki Mali ta Mansa Musa. Ana rage mata kashi 30 cikin ɗari a ginin gine-gine da horar da sojoji, amma kowace mahaƙa tana ba ta ƙarin zinariya 4, ga kasuwarta ta musamman, Suguba, mai rangwamen saye. Wanda ya buga Mali yana jiran gari ya gina masa komai da hannu zai ce daular banza ce, na kuma ji masu faɗin haka. Daula ce ta saye: ka nemi hamada da tuddai, ka tara, ka biya.

Sannan ka riƙa buɗe allon nasara duk bayan zagaye ashirin ko talatin. Nasarar al'ada da ta addini shiru suke zuwa. Akwai wasan da na kusa harba jirgina na ƙarshe zuwa sararin samaniya, ban lura ba ashe wata daula can ƙetaren teku ta juyar da kowa zuwa addininta, garuruwana ne kaɗai suka rage mata, su ma kusan rabi sun tafi. Da na duba tun da wuri, da yaƙi ɗaya ya isa in tattake masu wa'azinta a kan iyaka. Saura zagaye tara jirgin ya isa aka nuna min allon shan kaye.