Yadda Ake Ziyartar Kurmin Miho Don Ganin Dutsen Fuji

A gaɓar tekun Suruga, cikin yankin Shimizu na birnin Shizuoka a ƙasar Japan, akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa, wanda kurmin Miho no Matsubara ya lulluɓe bakinsa na tsawon kimanin kilomita 7. Itatuwan da ke cikinsa, waɗanda Japanawa ke kira matsu, sun kai kimanin 30,000, ganyensu siriri ne mai tsini, kuma ba sa kaɗe shi rani da damina. Abin da ke jan mutane zuwa wurin shi ne ganin Dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, tsaye a hayin teku ta arewa maso gabas. Saboda wannan alaƙar ne hukumar UNESCO ta haɗa kurmin da dutsen cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2013.

Matafiyin da zai taso daga Sakkwato ya fara da zaɓen lokaci kafin ya yi maganar tikiti, domin dutsen ba kullum yake bayyana ba, kuma wanda ya je a lokacin da bai dace ba itatuwa da ruwa kawai zai gani. A nan gida mun saba hunturu ya zo da hazo har mutum ya kasa hango ƙetaren gulbi, amma a can akasin haka ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska take bushewa, sarari ya washe, ƙanƙara kuma ta rufe kan dutsen. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, girgije yakan ɓoye dutsen kwana da kwanaki, sannan Agusta da Satumba lokacin guguwar teku ne. Ko a cikin hunturun ma sassafe ya fi, domin da rana ta ɗaga girgije yakan fara taruwa a kan dutsen. A ganina, gara mutum ya ware kwana biyu a Shimizu ya riƙa duba hasashen yanayi, da ya tsara zuwa da dawowa daga Tokyo cikin wuni ɗaya.

Sai an nemi bizar Japan kafin a tashi. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Japan, sai an yada zango a wani birni kamar Addis Ababa, Doha ko Istanbul. Agogon Japan yana gaban namu da awa 8, saboda haka a bar wa jiki kwana ɗaya ya huta.

Daga tashar Tokyo ana shiga jirgin ƙasa mai saurin nan, Shinkansen, wanda nau'insa da ake kira Hikari ke isa Shizuoka cikin kimanin awa ɗaya. A lura cewa nau'in Nozomi ba ya tsayawa a Shizuoka ko kaɗan, kuma baƙi sukan faɗa cikinsa bisa kuskure. Daga Shizuoka sai a sauya zuwa ƙaramin jirgi na kimanin minti 10 zuwa tashar Shimizu, a hau bas mai zuwa Miho na kimanin minti 25, a sauka a mashigar kurmin, a ƙarasa da ƙafa.

Hanyar ƙafar tana bi ta gaban Miho Jinja, wurin bautar mabiya addinin Shinto. Ba a tilasta wa baƙo yin komai a wurin, sai ya wuce cikin natsuwa ba tare da damun masu ibada ba. Daga nan wata hanyar katako mai tsawon kimanin mita 500, tsofaffin itatuwa dama da hagu, take kai mutum har bakin teku. A ƙarshenta akwai cibiyar baƙi da ake kira Miho Shirube, da kuma itacen Hagoromo, wanda tatsuniyar mutanen wurin ta ce wata mata daga sama ta rataye rigarta ta gashin tsuntsu a kansa, wani masunci ya tsinta, bai mayar mata ba sai da ta yi masa rawa. Ba a biyan kuɗin shiga kurmin.

Da yawa daga baƙi sukan tsaya a gindin wannan itacen su ɗauki hoto su juya, alhali dutsen bai fito sosai daga nan ba. Sai an sauka kan baƙin yashi da tsakuwar gaɓar, an juya hagu, an taka zuwa wurin da ake kira Kamagasaki, sannan itatuwa da teku da dutse suke haɗuwa a ido ɗaya. Za a ga tulin kankare da aka jera don tare zaizayar gaɓar, yana rage kyawun hoto, amma shi ke riƙe da yashin. Mai sauran ƙarfi yana iya ci gaba har hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1912. Tafiyar tana son takalmi rufaffe da rigar sanyi mai kauri, domin da asuba a Janairu sanyi yakan sauka kusa da digiri 2, ga iskar teku. Kada a taka saiwoyin itatuwan, kada a kunna wuta, kuma shara a jaka ake komawa da ita.

Game da salla, alƙibla a Japan tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, ba gabas da muka saba ba, don haka a duba manhajar waya kafin a shimfiɗa darduma. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, tazarar azahar da la'asar da magariba gajeriya ce. Tashar ruwan Shimizu ta shahara da kifin tuna, kuma kasuwar kifi ta Kashi no Ichi tana dab da tashar jirgin ƙasa. Sai dai a tambaya kafin a ci, domin masu girki sukan zuba mirin ko sake, waɗanda giyar shinkafa ce, a cikin romo da miya, kuma romon taliyar ramen galibi da ƙashin alade ake haɗa shi. Gasasshen kifi da gishiri, farar shinkafa da koren shayin Shizuoka sun fi sauƙin tantancewa.