Darasi na 6: In mashin ɗin kafe ya rage ƙarfi, da maganar kalker, farin ɓawon da ruwa ke bari a jikin ƙarfe

Jama'a wannan darasi na masu mashin ɗin espresso ne a gida, da kuma ƴan aikin da maigida ko hajiya ta bar ma kula da shi. Yanzu a nan Maradi mashinan nan sun fara yawa, wasu sabbi a kwali wasu na gwanjo da ake kawowa daga Kwatano da Lome, kuma abin da ke damuna shi ne da mashin ya fara ɗigo sai a ce ai pompo ya mutu, a jefa shi bayan ɗaki ko a kai ma mai gyaran rediyo ya buɗe ya ƙarasa shi. Wallahi galibi pompon lafiyarshi lau.

Ku fara gane yadda abin yake aiki. Pompo yana tura ruwan zafi, garin kafe da aka danne yana tare shi, wannan tarewar ita ke kawo matsi, wato presiyon. Kafe mai kyau yana fita a wajen bar 9, ku tuna tayar mota bar 2 da ɗan wani abu ake sa mata, to kun ga ba wasa ba ne. Lambar 15 bar da ake rubutawa a jikin kwali iyakar ƙarfin pompon ce, ba a kanta ake dafa kafe ba. Ruwan kuma zafinshi tsakanin digiri 90 zuwa 96.

Gwajin farko kyauta ne. Cire hannun da ake zuba gari, tara kofin gilashi a ƙasa, danna maɓalli ka ƙirga sakan 20. In ruwa ya zubo sosai ta ko'ina a rariyar sama, wato inda ruwa ke fitowa ya sauka kan gari, to mashin ba shi da laifi, laifin yana wajen kafe. In kafe yana zubowa shaa cikin sakan 10, ruwa-ruwa, da tsami, ba kumfa, to niƙan ya yi tsaki ko garin ya yi kaɗan ko ba a danne shi ba, ko kuma ya daɗe a buɗe ya sha iska. In kuwa ɗis ɗis yake yi baƙi ƙirin da ɗaci, niƙan ya yi laushi da yawa ko an cika ƙoƙon da ke cikin hannun fiye da kima. Ma'aunin da aka fi bi shi ne garam 18 na gari ya ba da garam 36 na kafe cikin sakan 25 zuwa 30. Kuma dan Allah kar a zuba Nescafé a ciki, shi narkewa yake yi a kofi, ba na mashin ba ne. Ƙananan mashina da yawa ƙoƙonsu in ka juya bayanshi ƙofa ɗaya tak za ka gani ƴar ƙarama, ɗaga shi sama wajen haske, in ba ka hango haske ba ta toshe, tsinin allura ya isa.

In ruwa yana tsiyaya ta gefen hannun yana bin jikin kofi, robar da ke sama ce ta bushe ta yi tauri, ita ake cema juwan, canza ta ake yi kamar sau ɗaya a shekara, ɗaure hannu da ƙarfin tsiya ba ya maganinta. In pompo yana ƙara sosai garrr ba ruwa ko ɗigo, iska ce ta shiga, yakan faru in tanki ya ƙare ana cikin aiki ko an daɗe ba a kunna ba. Cika tanki, zaunar da shi da kyau, buɗe makunnin bututun tururi ka kunna pompo har ruwa ya fito ta can, sannan ka rufe. Sai kuran, in wuta ta yi ƙasa pompo ma sanyi yake yi, mashinan nan suna jan wat 1000 zuwa 1500, ƙaramin gurup ba ya ɗaukarsu yadda ya kamata. Mai sayen na gwanjo ya duba takardar da ke liƙe a ƙasa, mu 220 muke amfani da shi, wanda aka rubuta 120 na Amurka ne, in aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi.

To yanzu in ka cire hannun amma ruwan kanshi siriri ne, ko yana fita ta gefe ɗaya, ko tururi ya rage, ko mashin yana daɗewa kafin ya yi zafi, nan ne muka zo kan kalker. Je ka leƙa cikin butar da kake dafa ruwan shayi kullum, farin ɓawon nan mai kaushi da ya liƙe a gindinta, in ka kankara da farce ya ɓare kamar alli, shi ne. Ruwan rijiya da na foraj yana bi ta cikin ƙasa da duwatsu ya kwaso kalsiyom da magneziyom narkakku, ido ba ya ganinsu, ruwan fes, amma da an dafa sai su rabu da ruwa su daskare a jikin ƙarfe. Buta bakinta faɗi ne shi ya sa ba ta damu ba, amma hanyoyin cikin mashin ƴan sirara ne ƙwarai, kaɗan ya taru sun shaƙe, kuma ɓawon yana rufe abin dumama ruwa sai ya yi ta cin wuta ruwan bai yi zafi ba. Ruwan wata unguwa ya fi na wata, don haka kar ka bi na maƙwabci, butarka ce za ta faɗa maka gaskiya, haka in sabulu yana wuyar kumfa a ruwanku alama ce.

Tsami ne kawai ke narkar da shi. Na faɗi haka ne don mu nan abu in ya yi tauri kanwa muke tunawa, to kanwa ba ta yi ma kalker komai, toka ma haka, omo ma haka. Ruwan batir kuma kar ma a kusanto da shi, guba ne kuma zai cinye ƙarfen. Binegir yana narkarwa amma kamfanoni da yawa sun hana, warinshi yana daɗewa cikin mashin kuma ba ya yi ma robobi daɗi. Abin da ya fi shi ne maganin da kamfanin mashin ɗin ya yi, misali De'Longhi suna da nasu EcoDecalk, in babu sai garin asid sitrik, fari ne kamar sukari mai tsamin lemo, garam 20 zuwa 30 a litir ɗaya na ruwa, kamar cokali biyu na cin abinci a shafe. Amma a duba littafin mashin tukuna, wanda tukunyar dumama ruwa da ke cikinshi ta alminiyom ce asid sitrik yana iya cin ta, wannan maganin kamfani ya kamata a nemo mashi.

Ga yadda ake yi. Cire hannun, in akwai filtir cikin tanki cire shi, dama garin asid ɗin a ruwa har ya narke sarai ka zuba a tanki. Tara kwano, fitar da kamar kofi ɗaya ta sama, kofi ɗaya ta bututun tururi, sai ka kashe mashin ka bar shi minti 15 zuwa 20 tsamin ya yi aikinshi, ka sake kunnawa ka sake fitarwa, haka haka har tanki ya kusa ƙarewa, za ka ga ruwan ya yi gurɓi da ƴan fararen ɓarɓashi a ƙasan kwano. Kar ka bar shi ya kwana da tsamin wai don ya fi fita, ɓarna ce. Wanke tanki, cika da ruwa mai kyau ka zubar ta mashin, tanki biyu cur, kafen farko ma a zubar. Wanda ke da maɓallin wanki na kanshi sai a bi littafinshi. Kwance rariyar sama da turnabis ka jiƙa ta ka goge da tsohon buroshi, amma sai ka zare fulogi mashin ya huce, tururi yana ƙuna fiye da yadda ake zato. Wani lokaci bayan wanki ɓawo yakan ɓalle ya tokare wata hanya ruwa ya tsaya gaba ɗaya, kar hankali ya tashi, a sake wankin sau ɗaya, in bai buɗe ba sannan a nemi mai gyara.

A ganina wata biyu zuwa uku ya yi in ana shan kafe kullum kuma butarku mai saurin yin fari ce. Amma gyaran gaske a ruwa yake. Tacewa da ƙyalle yashi kawai take tarewa, abin da ya narke wucewa yake yi. Dabara mai arha, tafasa ruwa a tukunya da dare, bar shi ya kwana a rufe, da safe ka tsiyaye na sama a hankali ka bar na ƙasa, wani kason kalker ɗin ya tsaya a tukunya. Mai sayen ruwan buteli ya karanta takardar jiki ya zaɓi wanda lambar kalsiyom ɗinshi ta yi ƙasa, ruwan leda ba lallai ya fi ruwan pompon gida ba a wannan fanni. Ruwan distile zalla, wato wanda aka cire ma duk abin da ya narke a ciki, shi ma ba a so, kafe ba ya daɗi da shi kuma yana cin ƙarfe a hankali. Lokacin hunturu a riƙa rufe mashin da ƙyalle saboda ƙura.

Aikin gida: bayan kun yi wanki ku tara kofin gilashi, ku ƙirga sakan 20, ku liƙa ɗan sikoci daidai inda ruwa ya tsaya, ku rubuta kwanan wata a takarda ku manna jikin bango kusa da mashin. Duk ranar juma'a ku sake gwadawa da kofin nan, in ruwa ya fara kasa kai layi ku zo da takardar aji mu duba tare.